Tsofaffin Taswirorin Barno Da Tafkin Chadi Sun Zama Hajar Gwanjo

Duk wanda ya ci miyar banda a Anacha ko Inugu, ko ya ga ana sauke kwalayen busasshen kifi a kasuwannin Ikko da Badun, to, ya ci arzikin Tafkin Chadi ko da bai taɓa taka Maiduguri ba. Daga wajajen Baga ake lodin kifin nan, a kawo shi kasuwar da ke kan hanyar Baga cikin Maiduguri, sa'an nan manyan motoci su yi kwana da kwanaki a hanya kafin su iso Kurmi. Amma in aka ba direban motar takarda da alƙalami aka ce ya zana siffar tafkin, da wuya ya zana abin da yaron motarsa zai yarda da shi. Ba kuwa laifinsa ba ne. Turawa sun yi shekara 200 suna zana wannan tafki, kuma da ƙyar za a sami taswira biyu da suka yi daidai da juna, domin ruwan ba ya zama wuri guda.

Waɗannan taswirori, da ma waɗanda suka girme su, yanzu sun zama haja mai daraja a Turai da Amurka. A birnin London ana cin kasuwar tsofaffin taswirori sau ɗaya a shekara a zauren Royal Geographical Society, watau ƙungiyar masana labarin ƙasa wadda ta riƙa ɗaure wa matafiya gindi a zamanin da, kuma manyan gidajen gwanjo irin su Sotheby's da Christie's suna buga musu ƙararrawa kamar yadda suke yi wa gwal da zanen hannu. Cikin 2003 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya gama biyan dala miliyan 10 a kan taswira guda ɗaya ta 1507, wadda a kanta aka fara rubuta sunan Amurka. Taswirorin da suka nuna Barno ba su kai ko kusa da wannan kuɗi ba, amma masu nemansu suna da yawa, kuma ba sa gajiya.

Wani likita na birnin Johannasbag, Oscar Norwich, ya share shekaru yana tara taswirorin Afirka fiye da 300, har ya buga littafi a kansu cikin 1983. Bayan rasuwarsa Jami'ar Stanford ta Amurka ta saye su cikin 2001. Wani likitan kuma, Gerald Rizzo, ya kafa ɗakin ajiya mai suna Afriterra a birnin Bostan, inda ya tara dubbai, ya ɗauki hotunansu ya sa a intanet kowa ya gani kyauta. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ɗalibin da ke Jami'ar Maiduguri ya fi saurin ganin tsohuwar taswirar Kukawa ta wayarsa, daga Bostan, fiye da ya same ta a takarda a cikin garin da ya gaji Kukawa.

Tafkin Da Aka Zana Da Jita-jita

Tun kafin Bature ya san hanyar Barno sunanta ya riga shi isa kan takarda. Cikin 1154 Sharif al-Idirisi, malamin Magariba da ya yi wa Sarki Roja na tsibirin Sisili aiki, ya zana duniya da kudu a sama, arewa a ƙasa, ya sa ƙasar Kanem da garuruwanta, ya kuma ja wani babban kogi da ya kira Nilun ƙasar baƙar fata yana gangarawa yamma. Daga bakin fatake da alhazai ya samo labarinsa.

Wanda ya fi kowa tasiri a kan Turawa kuwa shi ne Alhasan al-Wazzan, mutumin Fas, wanda suke kira Leo Africanus. An buga littafinsa a birnin Banis na Italiya cikin 1550, kuma a ciki ya kawo labarin Barno da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Masana suna jayayya har yau ko ya taka waɗannan ƙasashe da ƙafarsa ko kuwa ji ya yi. Ko ma dai mene ne, masu zana taswira na Turai sun kwashe sunayen nan sun watsa su cikin tsakiyar Afirka yadda suka ga dama. A taswirar Abraham Ortelius ta 1570, da ta gidan Blaeu na Amstadam a ƙarni na 17, mai karatu zai ga Cano da Casena da Zegzeg da Zanfara da Guber an jera su a bakin wani dogon kogi mai fitowa daga tafki, ya bi ta wani tafkin kusa da Barno, ya miƙe yamma ya faɗa teku ta wajen Sanagal. Watau sun haɗa Kwara da kogin Sanagal sun mai da su abu ɗaya, sun kuma juya wa ruwan baya. Inda sunaye suka ƙare musu sai su cike gurbin da hoton giwa ko jimina.

Irin waɗannan su ne masu kyan gani, masu launi da hotunan mutane a gefe, kuma su ne attajirai ke ratayewa a falo. Amma ta fuskar gaskiya babu abin kamawa a cikinsu sai sunayen. Sai cikin 1749 wani Bafaranshe, d'Anville, ya yi ta maza ya share duk abin da ba shi da tabbas, ya bar tsakiyar Afirka kusan fari fat. Wannan farin fili shi ya hana Turawa barci. Duk da haka ƙarya ba ta ƙare ba: cikin 1798 James Rennell na Ingila ya zana wasu dogayen duwatsu da ya kira Duwatsun Kong, suka tokare Afirka ta Yamma daga wannan gefe zuwa wancan, aka yi ta kwafarsu daga taswira zuwa taswira kusan shekara 90, sai da wani hafsan Faransa, Binger, ya je wurin tsakanin 1887 da 1889 ya tarar babu su. Masu saye a yau suna neman taswira mai Duwatsun Kong musamman saboda kuskuren.

Gani Ya Kori Ji

A watan Fabrairu na 1823 Turawan Ingila uku, Denham da Clapperton da Likita Oudney, suka ƙetaro Sahara daga Tarabulus ta Murzuk da Bilma, suka hango Tafkin Chadi, sa'an nan suka isa Kukawa inda Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, watau Shehu Laminu, ya karɓe su. Kukawa a lokacin ba ta cika shekara goma da kafuwa ba, domin Birnin Ngazargamu ya faɗi cikin 1808. Denham ya bi gaɓar tafkin ta yamma da ta kudu, ya ga kogin Shari yana zuba a cikinsa, amma bai sami zagaye shi ba. Saboda haka a taswirar da ke cikin littafinsu na 1826 gaɓar yamma tana da ƙamshin gaskiya, ta gabas kuwa kintace ce.

A cikin wannan littafi ne akwai takardar da ya kamata kowane ɗan Arewa ya san da ita. Oudney ya rasu kusa da Katagum a farkon 1824, Clapperton ya wuce Kano, ya isa Sakkwato a watan Maris, ya sadu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sarkin Musulmi ya ba shi wani yanki na littafinsa Infakul Maisuri mai bayanin ƙasashen Takruru, ya kuma sa aka zana masa taswirar ƙasar da garuruwa da koguna, da rubutun Larabci. An ƙanƙanta ta an buga ta a London da sunan Bello a kanta. Taswira ce da 'yan ƙasa suka zana da kansu, ga kuma wata ƙura a cikinta: da baki, da zane a kan rairayi, Bello ya nuna wa baƙonsa cewa Kwara tana faɗawa teku, amma a takardar sai ga kogin ya nufi gabas wajen Nilun Masar. Wasu masana suna ganin da gangan aka yi, don kada a nuna wa baƙo ƙofar da jiragensa za su bi su shigo. In haka ne, to, an hango abin da ya faru daga baya. Cikin 1830 Richard Lander, tsohon baran Clapperton, da ƙanensa suka bi kogin cikin kwalekwale har teku, magana ta ƙare.

Bayan su sai Heinrich Barth, Bajamushen da aka fi sani da Abdulkarim, ya iso Kukawa a watan Afrilu na 1851, zamanin Shehu Umar. Ayarinsu ya zo da jirgin ruwa na katako wanda aka rarraba, raƙuma suka ɗauko shi tun daga Tarabulus. Abokin tafiyarsa Overweg ya harhaɗa shi ya shiga tafkin, ya yi makonni yana yawo tsakanin tsibiran Buduma, kuma shi ne Bature na farko da ya yi haka. Zazzaɓi ya kashe shi a Maduwari, bakin tafkin, cikin 1852.

Barth da agogo da kamfas ya yi aikinsa. Yakan duba lokacin da ayari ya tashi, da inda ya sa gaba, da lokacin da ya karkata, ya rubuta sunan kowane ƙauye da rijiya da fadama. Inda bai je ba sai ya zaunar da fatake da alhazai da malamai ya tambaye su zango-zango, kwana nawa daga nan zuwa can. Ya riƙa aika takardun Turai, wani gwanin zane mai suna August Petermann ya mai da su taswirorin da suka fito cikin littafinsa mai juzu'i biyar a 1857 da 1858. Saboda haka rabin ilmin da ke cikin taswirorin nan na mutanen ƙasa ne waɗanda ba a rubuta sunan galibinsu ba. Biyu dai an san su: Dorugu Bahaushe da Abbega Bamargi, yaran da Overweg ya 'yanta, waɗanda suka bi Barth har Turai cikin 1855. Abbega ya zama sarkin Lakwaja daga baya, Dorugu kuwa ya ƙare rayuwarsa a Kano cikin 1912 yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa.

Masu tara taswira na gaske sun fi daraja na Petermann a kan na Blaeu masu ado, kuma suna da hujja. A cikinsu akwai garuruwan da Rabe ya rushe bayan 1893, da hanyoyin fatake da mota ta kashe.

Sa'ad Da Aka Yanka Barno Uku

Rabe ya ci Barno cikin 1893, ya ƙone Kukawa, ya zauna a Dikwa, Faransawa suka kashe shi a Kusuri ran 22 ga Afrilu, 1900. Kafin nan an riga an raba ƙasar a kan tebur a Turai, da layukan da aka ja bisa taswirorin su Barth da Nachtigal. Ingila ta ɗauki yamma, Jamus ta ɗauki Dikwa, Faransa ta ɗauki arewa da gabas. Shehu Abubakar Garbai ya baro Dikwa cikin 1902 ya dawo ɓangaren Ingilishi, ya zauna Monguno da Kukawa, daga bisani cikin 1907 ya sauka a Yerwa, kusa da barikin Turawa na Maifoni da tsohon ƙauyen Maiduguri. Duk taswirar da ta nuna Yerwa, to, bayan wannan shekara aka yi ta.

Daga nan aikin ya koma hannun soja da 'yan safiyo. Tsakanin 1903 da 1904 Ingilishi da Jamusawa suka auna iyaka daga Yola zuwa tafkin. Cikin 1904 wani hafsa, Boyd Alexander, ya zo da jirage biyu na ƙarfe don ya ratsa tafkin, ya yi watanni yana fama da taɓo da ciyayi da sauro, mutanensa suna jan jiragen da hannu a inda taswirar da ya zo da ita ta nuna ruwa mai zurfi. Ƙanensa Claud ya rasu a Maifoni a wannan shekara, shi ma da aka kashe shi a hanyar Wadai cikin 1910 nan aka kawo gawarsa aka binne kusa da ɗan'uwansa. Tsakanin 1906 da 1909 kuma Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka kafa turakun iyaka tun daga Kwara har Chadi, iyakar da ke tsakanin Nijeriya da Nijar ke nan a yau. Mutanen Tilho sun tarar arewacin tafkin ya ƙafe, ana tafiya a ƙasa inda Overweg ya bi da jirgi. Tilho ne daga baya ya ce tafkin iri uku ne, akwai babban Chadi, da matsakaici, da ƙarami, gwargwadon ruwan da Shari ya kawo.

Da an riƙe wannan magana da an huta da asara mai yawa. Cikin 1963 tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, kuma wannan cikakkiyar siffa ita aka buga a littattafan makaranta, ita yara suka haddace. A kanta aka tsara babban aikin noman rani na Kudancin Chadi a Sabon Marte, aka haƙa doguwar hanyar ruwa don alkama da shinkafa. Farin 1973 ya raba tafkin biyu, na shekarun 1980 ya mai da shi ƙasa da murabba'in kilomita 2,000, bakin hanyar ruwan ya zauna a busasshiyar ƙasa. Tun daga shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo, musamman ta kudu, amma bai koma yadda yake a littafin makaranta ba.

Takardar Da Ta Ci Darak

Wanda ke ganin tsohuwar taswira abin wasan masu kuɗi ce, sai ya tambayi mutanen Darak.

Da ruwa ya janye, masunta da manoma suka bi shi, kamar yadda iyayensu suka saba. Kanuri da Hausawa da Shuwa da wasu kabilu suka kafa ƙauyuka a tsibirai da busasshen gindin tafki, suna kamun kifi, suna shuka masara da wake a danshin da ruwa ya bari. Babu turke, babu shinge, babu wanda ya ce musu sun ƙetare wani layi. Darak ta zama babbar kasuwar kifi. Hukumomin Jihar Barno suka naɗa musu bulamai, suka karɓi haraji, aka buɗe makarantu da ɗakin shan magani, aka kai 'yan sanda. Cikin 1983 har an gwabza tsakanin sojan Nijeriya da na Chadi a kan wasu tsibirai, abin da ya sa Hukumar Tafkin Chadi, wadda ƙasashe huɗu suka kafa cikin 1964, ta sa aka sake auna iyakoki a ƙarshen shekarun 1980.

Cikin 1994 Kamaru ta kai Nijeriya ƙara Kotun Duniya da ke birnin Heg. Jama'a a Kudu sun fi sanin shari'ar da sunan Bakasi, amma ta haɗa har da Tafkin Chadi. Lauyoyin Nijeriya suka ce mutanen ƙauyukan nan 'yan Nijeriya ne, Nijeriya ke mulkinsu shekara da shekaru ba tare da Kamaru ta ce uffan ba. Lauyoyin Kamaru kuwa suka buɗe tsofaffin takardu: yarjejeniyar Milner da Simon ta 1919, wadda Ingila da Faransa suka raba Kamarun Jamus da ita bayan Yaƙin Duniya na Farko, da ta Thomson da Marchand ta 1929 zuwa 1930, da wasiƙun da gwamnatocin biyu suka yi musaya cikin 1931. A jikin ta 1919 an liƙa taswirar wani Bajamushe mai suna Max Moisel, wanda ya zana Kamaru a birnin Balin kafin yaƙin. Alƙalai suka duƙufa a kan wannan taswira da wadda aka haɗa da wasiƙun 1931, suna neman inda iyakokin ƙasashe uku suka haɗu a tsakiyar ruwa, da inda bakin kogin Ebeji yake a wancan zamani, tun da yake kogin ma ya sauya baki.

Ran 10 ga Oktoba, 2002, kotu ta yanke hukunci cewa takarda ta fi zama ƙarfi, Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita na Kamaru ne. A watan Disamba na 2003 Nijeriya ta janye ma'aikatanta daga ƙauyuka fiye da 30. Masuncin da ya kwanta a ƙasarsa ya wayi gari baƙo, saboda layin da aka ja a kan taswirar da wani ya zana a Balin tun kakansa bai san za a yi ƙaura ba. Ana iya jin zafin hukuncin, amma ba a iya cewa an ɓoye takardun. Suna nan a ɗakunan ajiya shekara 70 kafin a shiga kotu, wanda ya karanta su shi ya ci.

Maiduguri kanta ta ɗanɗana irin wannan darasi ta wata fuska. Madatsar Alau, wadda aka gina a kan kogin Ngadda a shekarun 1980, ta ɓalle ran 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Litinin da fadar Shehu da asibitin koyarwa da gidan namun daji, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. An taɓa yin irinta cikin 1994. Ngadda ba ta kai wa tafki da ƙarfinta, a fadamar Jere take bajewa, kuma garin da ya cika ya batse da 'yan gudun hijira tun daga 2009 ya yi ta gini a kwari da bakin kogi. Dattawa kan ce ruwa ba ya mance hanyarsa. Tsohuwar takardar safiyo tana nuna hanyar tun kafin a aza tubali a kanta.

Ga Mai Son Saye, Da Mai Abin Sayarwa

A cikin 'yan Arewa mazauna Ikko da Fatakwal akwai waɗanda Allah ya buɗa wa, masu zuwa London da Dubai, kuma wasunsu sun fara sha'awar rataye taswirar garinsu a ofis. Abu ne mai kyau, in dai an san abin da ake saye, domin jabu ya fi na gaske yawa. Taswirar da ta girmi 1800 galibi da farantin tagulla aka buga ta, saboda haka in an shafa gefenta da yatsa za a ji ɗan kwarin da bakin farantin ya bari. In an ɗaga ta a hasken rana za a ga siraran layuka a jikin takardar, wani lokaci da tambarin masu yin ta. Yawancinsu daga cikin manyan littattafai aka ciro su, don haka akan ga karyar ninki a tsakiya, wasu da rubutu a baya. In kuwa an duba da gilashin ƙara girma aka ga launin ɗige-ɗige ne ƙanana, to, injin zamani ne ya buga ta, ko da an jiƙa ta da ruwan shayi ta yi ja. Na Denham da na Barth takardarsu ta fi santsi, kuma an ninke su sau da yawa don su shiga littafi.

A nan akwai abin takaici a sana'ar. Dillali yakan sayi cikakken littafi ya yayyage taswirorin ya sayar ɗai-ɗai, don ya fi riba a haka. Wanda ya sami littafin Barth ko na Denham da taswirorinsa a ciki, kada ya yarda a raba su. A kuma tambayi asalin takarda kafin a biya. Cikin 2005 an kama wani sanannen dillali Ba'amurke, Forbes Smiley, a ɗakin karatu na Jami'ar Yale bayan an tsinci reza a ƙasa, ya amsa cewa ya yanke taswira 97 daga ɗakunan karatu dabam-dabam. Wanda ya sayi kayan sata, in an gano, ya yi asarar kuɗi da takarda duka.

Sanin shekarun taswirar ƙarni na 20 ba shi da wuya ga wanda ya san tarihin gida. In Dikwa tana cikin ƙasar Jamus, kafin Yaƙin Farko ne. In akwai Lardin Sardauna, bayan ƙuri'ar 1961 ne. In layin dogo ya isa Maiduguri, bayan 1964 ne. In an rubuta Jihar Arewa Maso Gabas, tsakanin 1967 da 1976 ne. Fort Lamy kuwa ta koma Njamena cikin 1973.

Sai maganar ajiya. A Barno gara ce abokiyar gaba, da zafin da ke sa takarda ta bushe ta karye kamar ganye. A Ikko danshi ne da fumfuna da kyankyasai. Kada a manna salatif a inda ta yage, kada a kai ta a rufe da roba mai zafi irin ta katin shaida, domin wannan kashe ta ne. A shimfiɗe ta tsakanin fararen takardu masu tsabta, nesa da bango da rana.

Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. A gidajen tsofaffin ma'aikatan En'e, da malaman safiyo da na daji, da zuriyar ajiyoyi da lawanai, akwai akwatunan ƙarfe da ba a buɗe ba tun rasuwar mai su, kuma magada da yawa suna nan Kudu suna neman abinci. A ciki akan sami zanen gunduma da Di'o ya yi da hannu, da taswirar burtali da makiyaya, da ta gandun daji. Irin waɗannan sau da yawa kwafi ɗaya ne tak a duniya, ba kamar na Blaeu da aka buga ɗaruruwa ba. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izni ba, don haka mai niyyar miƙa wa baƙo ya fara bincikawa. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Jami'ar Maiduguri, duk wurare ne da za a iya kai takarda a duba ta, a ɗauki hotonta, mai ita ya koma da abinsa.

Waɗanda dillalan London ba su cika kulawa da su ba su ne fallayen safiyo na shekarun 1950 da 1960, waɗanda aka zana daga hotunan jirgin sama, aka riƙa sayarwa a ofishin safiyo na tarayya a Ikko da na Kaduna a kan kuɗi kaɗan. Ba su da ado ko kaɗan. Amma tun da rikicin Boko Haram ya tashi ƙauyukan Marte da Kukawa da Abadam, musamman bayan harin Baga na watan Janairu 2015, akwai garuruwan da suka yi shekaru babu kowa, daji ya cinye gonaki, dattawan da suka san iyaka sun rasu a sansani. Masu komawa yanzu yara ne da suka girma a Maiduguri, wasu ma a Agege da Sabon Badun. A kan waɗannan fallaye an rubuta sunan ƙauye da hanyar da ta shiga cikinsa, an sa alamar rijiya da tafki da fadama, wani wuri har da kukar bakin gari.